Neman Asarar Yaya Dikko

Juma'a, 6 ga Satumba, 2024

Yaya Dikko ya kira ni ina ofis, ya ce in same shi in an tashi. Ba ɗakinsa na unguwar Karama a nan Dubai ba, wani gidan shayi na Indiyawan Kerala da ke bayan tashar metro. Tun a nan na san ba lafiya ba, don Yaya ba mai zaman gidan shayi ba ne.

Na tarar ya sa an kawo shayin karak kofi biyu, nasa har ya huce. Ya ce ya je ofishin jakadancin Amurka sabunta fasfonsa na can, sun ƙi. Hukumar harajin can na bin sa dala dubu tamanin da ɗaya, kuma a dokarsu idan bashi ya kai wani mataki sai a hana mutum fasfo. Bizar zamansa a nan za ta ƙare a Disamba, kuma kamfaninsu ba zai iya sabunta ta a kan fasfon da ya kusa mutuwa ba. Na Najeriya ya mutu tun tuni, ko da ransa ma kowa ya san yadda biza take mana yanzu.

Na ce ai kuskure ne, ina tsohon direban babbar mota zai tara harajin dala dubu tamanin. Sai ya ce, "Ba na tuƙi ba ne. Caca ce, Muhsinat."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Bai ɗago ba. Ya ce wajen shekara uku ya yi a ciki, a wani gidan caca kusa da inda ya zauna a Maryland, na na'urorin nan masu ƙyalƙyali da ake dannawa. Duk lokacin da na'ura ta ba mutum kuɗi mai kauri, gidan sai ya rubuta sunansa ya aika wa hukuma. Shi kuwa kuɗin tuƙinsa kawai yake sa wa a takardar haraji, bai taɓa rubuta na cacar ba. Ya ce dalilin dawowarsa Dubai ke nan ma, don a nan babu gidan caca. Ni da na ɗauka don ya kasance kusa da ni ne.

Ya ce ni ce akawun gidanmu, in duba masa. Kada Inna ta ji.

Na ce to. Wallahi shi kaɗai na iya faɗa.

Asabar, 7 ga Satumba

Ban fita ba. Abiba, 'yar Ghanan da muke ɗaki ɗaya, ta tambaye ni ko zazzaɓi ne. Na ce eh.

Lahadi, 8 ga Satumba

Ina ta tunanin hotonsa da ke ɗakin Inna a Malumfashi, wanda ya ɗauka cikin dusar ƙanƙara da katuwar riga. Duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa. Shi ya sake rufin gidan. Shi ya biya wa Inna kujerar Makka. Shi ya kawo ni Sharjah na yi digiri, da ba don shi ba da ina can ina koyarwa a firamare kan albashin da ba ya zuwa. A danginmu yara biyu ne masu sunansa.

Ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba. Ban taɓa ce masa a'a ba.

Ina so in lissafa wace shekara aka yi me. Ba zan lissafa ba.

Talata, 10 ga Satumba

Mun je wajen wani Ba'indiye mai lasisin aikin harajin Amurka. Da awa yake cajin kuɗi, kuma awarsa ta kai albashina na kwana uku, don haka muka yi da shi ni zan yi wahalar tattarawa, shi ya duba ya sa hannu.

Ga abin da na fahimta, in rubuta kafin ya ɓace mini. Hukumar ta ga abin da ya ci ne kawai: dala dubu ɗari biyu da talatin da ɗaya a 2018, 2019 da 2021. A kansa ta yanka haraji, ta ɗora tara, ta ɗora ruwa. Ba ta san abin da aka cinye shi ba. Doka ta yarda a cire asara daga ci, shekara-shekara, amma asarar ba za ta wuce cin ba, kuma sai da shaida. Ya ce ana iya lissafawa zama-zama: da nawa ya zauna gaban na'ura, da nawa ya tashi. Abin da ya rage bayan an cire, shi ne abin da za a yanka wa haraji.

Ba'indiyen ya tambayi Yaya ko a ƙarshe ya fita da riba. Yaya ya yi wata 'yar dariya. Ya ce da mota biyu ya shiga harkar, a bas ya fito.

Mutumin ya ce madalla, wannan labari ne mai daɗi. Yadda asarar ta yi yawa, haka harajin zai yi ƙasa.

Ke nan aikina yanzu in nemo asarar yayana, in yi murna da kowace na samu.

Asabar, 14 ga Satumba

Mun rubuta wa gidan cacar su turo bayanin katinsa. Ashe kati suke ba mutum kamar na banki, ya sa a na'ura, ita kuma ta riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Ni na cike takardar, shi ya sa hannu.

Ya dafa mana taliya da manja. Muka ci.

Alhamis, 19 ga Satumba

Ofis ya yi zafi yau. Kwantenar wasu 'yan kasuwar Kwari ta maƙale a tashar ruwa, suka cika mana waya da ihu, Alhaji Sabo mai kamfanin ya sauke fushinsa a kaina kan wata takardar kaya da na sa lamba ba daidai ba. Gaskiyarsa ne. Ban taɓa irin wannan kuskuren ba. Ya ce, "Shwaiya-shwaiya, a hankali, Muhsinat, ko aure ake miki ne ba mu sani ba?" Na yi murmushi.

Na fito tabarau ya yi raɓa saboda danshi, na tsaya a bakin titi ban ga komai. Na daɗe ban goge shi ba.

Lahadi, 22 ga Satumba

Bayanin katin ya iso. Na 2018 cikakke ne, har na ji sanyi a raina: ya ci dubu hamsin da takwas, an cinye shi saba'in da ɗaya. Shekarar ta tafi, babu harajin caca a kanta. Na kama kaina ina cewa alhamdulillahi, sai na yi shiru.

Amma daga tsakiyar 2019 katin ya daina magana. Ci yana nan, don shi gidan ne ke rubutawa da kansa. Asara babu ko kwabo. Na kira shi na tambaya ko ya canza kati ne.

Ya ce ya daina sa katin ne. In ya sa, na'urar takan rubuto gaisuwa da sunan da ke fasfonsa, da manyan haruffa masu walƙiya. Muhammad. Ya ce ya kasa jure ganin sunan Manzon Allah a jikin abin. Sai ya jefar da katin ya ci gaba da tsabar kuɗi.

Ban san me zan yi da wannan maganar ba. Kunyar ta hana shi sa kati, ba ta hana shi zama ba. Kuma ita ce yanzu za ta ci masa dubban daloli.

Laraba, 25 ga Satumba

Inna ta kira. Ta ce Dikko ya rame a hoton da ya turo, in riƙa kai masa abinci. Na ce aiki ne ya yi masa yawa, na yi sauri na koma maganar ciwon ƙafarta. Muryata na rawa, ina jin ta ji.

Asabar, 28 ga Satumba

Mun yi faɗa. Ni da Yaya. Ina rubutawa ina ganin kamar labarin wasu ne.

Na je Karama da rana, na tarar ya sayo wani ƙaramin littafi da biro kala uku. Wai Ba'indiyen ya taɓa cewa hukuma na karɓar littafin da ɗan caca ya riƙa rubuta zamansa a ciki. Shi bai taɓa rubutawa ba. Yana so in zauna in tsara masa kwanaki da adadi yadda za su dace da cin da aka rubuta, shi kuma ya kwafa da hannunsa, yana canza biro, mu ɗan shafa wa littafin shayi ya tsufa. Ya ce ai ba ƙarya ba ce, asarar ta faru da gaske, har ta fi abin da za mu rubuta.

Na ce ba zan yi ba. A hankali na faɗa, kaina a ƙasa. Na ce in aka gane, maganar ta tashi daga bashi ta koma kurkuku, kuma ni aikina ke nan, da shi nake ci.

Ya ce wane aikin. Na ɗago. Ya ce, "Zangon ƙarshe na karatunki, da kika kira ni kina kuka za a hana ki jarrabawa, daga ina kike tsammani kuɗin ya fito cikin kwana ɗaya?"

Na san amsar tun ranar da na ga kwanakin cin, ina dai kauce mata ne. Amma ji daga bakinsa daban.

Na ɗauki jakata. Ya kira sunana sau ɗaya, ban juya ba. A metro wata 'yar Filifin ta miƙo mini tishu.

Lahadi, 29 ga Satumba

Na ciro takardar digirina daga akwati na duba. Takarda ce kawai. Na mayar.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Bayan sallar Juma'a na tsaya na tambayi wata malama 'yar Sudan da ke karantar da mata a masallacin unguwarmu. Na ce wata ƙawata ce. Ta ce wanda aka ciyar da shi bai sani ba, babu laifi a kansa, laifin na mai nemowa ne, ilmin kuma ya zama nata, ta yi alheri da shi. Ta riƙe hannuna da ta faɗa, ina jin ta gane ko wace ce ƙawar.

Na yarda da fatawar. Amma ba ta sauka inda ciwon yake ba.

Yaya ya turo saƙo: "Na jefar da littafin." Ban amsa ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ba'indiyen ya ce saura hanya ɗaya: bayanan banki na waɗannan shekarun. In an ga ya cire kuɗi a na'urar da ke cikin gidan cacar a rana kaza, kuma bai mayar da komai banki ba, ana iya kafa hujja da shi, ko da ba duka za su karɓa ba. Asusun an rufe shi tun da ya taso, bankin ya ce sai ya zo da kansa. Takardun da aka riƙa aiko masa kuwa suna gidan da ya bari.

Gidan Anti Maimunat ke nan. Matarsa ta da, uwar 'yarsa Ummulkhair.

Shekara uku ban yi mata magana ba. Da suka rabu, a gidanmu an gama yanke hukunci: Amurka ta buɗe mata ido, ta raina shi, ta kore shi daga gidan da ya saya. Inna ta hana a ambaci sunanta. Ni ma na tura mata wani dogon saƙo a lokacin, da ƙuruciya da zafin kai. Ban manta abin da na rubuta ba.

Yaya ya ce shi ba zai iya kiranta ba. To wa zai kira?

Laraba, 9 ga Oktoba

Na kira ta da yamma, lokacin ita tana shirin fita aiki asibiti. Na yi tsammanin za ta kashe. Ta ɗauka ta ce, "Muhsinat, 'yar ƙanwata. Lafiya dai?" Kamar jiya muka rabu.

Na fara kame-kame. Ta katse ni, ta ce maganar harajin ce ko. Wasiƙun hukumar gidanta suke zuwa tun bara waccan, ta sha turo masa hotonsu, ba ya buɗewa. Komai na nan a kwali biyu a ƙarƙashin bene, har da rasiɗan cire kuɗi da ta riƙa tsinta a aljihunsa in za ta yi wanki. Ta ce ba ta san me ya sa ta ajiye ba. Wataƙila don ta riƙa tabbatar wa kanta ba haukacewa ta yi ba, don kullum cewa yake babu komai.

Gidan ma ashe ba ta kore shi don ta mallaka ba. Ya ci bashi a kansa ba ta sani ba, har yau ita ke biya.

Na ce me ya sa ba ta faɗa mana ba. Ta ce, "In faɗa wa wa? Inna? Ke kanki da kin yarda?"

Da ban yarda ba.

Na fara ba ta haƙuri kan saƙon nan, ta ce in bar shi, ta makara, za ta ɗauki hoton takardun da kaɗan-kaɗan in ta samu hutu. Kafin ta ajiye ta ce abu ɗaya take roƙo: ya samu fasfon nan. Ummulkhair za ta gama sakandare a watan Yuni, ta riga ta ajiye masa kujera.

Asabar, 12 ga Oktoba

Hotuna na ta shigowa. Wasu a karkace, wasu da yatsan Anti Maimunat a gefe. Na buɗe shafi a kwamfuta: kwanan wata, abin da ya cire, abin da ya ci, abin da ya koma banki. Abiba ta leƙo ta ce wannan wane irin lissafin kaya ne ba ya ƙarewa. Ta ajiye mini shinkafa da wake irin nasu a gefen gado.

Ya fi zuwa ranar Talata. Ban san dalili ba. Ɗari biyar, sai bayan ɗan lokaci wata ɗari biyar, sai ɗari uku, sai tamanin. Tamanin ɗin nan ce ke karya mini zuciya. Ƙarshen abin da ke asusun ke nan.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Asarar dubu arba'in da shida na samo zuwa yanzu. Ba'indiyen ya ce aikina ya fi na yaransa tsabta.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Nuwamban 2019.

Baba ya rasu ranar sha huɗu. Ni ina Sharjah, na samu jirgi washegari, na tarar an riga an kai shi, amma na zauna zaman makoki. Yaya bai zo ba. Ya ce kamfani ya hana shi hutu, ya yi kuka a waya har Inna ta koma ita ke ba shi haƙuri. Kawu ya tsaya a madadinsa wajen karɓar gaisuwa.

Sha biyar da sha shida ga watan, an cire dala dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu, duk a cikin gidan cacar. Har da katin bashi. Babu abin da ya koma.

Na tura wa Anti Maimunat kwanakin kawai, ban rubuta komai ba. Ta turo murya. Ta ce da aka kira shi ya zauna a ƙasan kicin ya yi kuka kamar yaro. Sannan ya ɗauki makullin mota ya ce zai je ya sayo tikiti. Ita ta haɗa masa jaka, ta sa farar shadda biyu. Bayan kwana biyu ya dawo.

Ita ce asara mafi girma a shekarar, kuma mafi kyawun shaida, don rasiɗan duk suna nan da lokaci a jiki. Na shigar da ita a layinta. Jimillar da ke ƙasan shafin ta sauka da kanta.

Na rufe kwamfutar na je na yi alwala, na dawo na zauna ban yi sallar ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Dole in tambaye shi, don lissafin zama-zama ne. Na je Karama bayan aiki, karo na farko tun faɗan. Ya buɗe ƙofa da fara'a, ya fara cewa bari ya ɗora shayi. Na ce ba zama zan yi ba. A tsaye na buɗe shafin.

Na ce, "Sha biyar da sha shida ga Nuwamba, 2019. Zama ɗaya ne ko biyu?"

Ya kalli kwanan. Na ga lokacin da ya gane. Ya nemi bakin gado ya zauna.

"Ɗaya ne," in ji shi. "Ban tashi ba."

Na rubuta ɗaya. Ya fara cewa kuɗin tikitin bai cika ba ne, ya ce bari ya ɗan ƙara, kuma da ya zauna sai ya ji a wurin ne kawai Baba bai mutu ba. Na ce hukuma ba ta tambayi dalili ba. Na ce masa sai da safe.

Ban san ina da irin wannan muryar ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ciwon kai tun jiya. Ban taɓa shafin ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

An gama. Daga dubu ɗari biyu da talatin da ɗaya, abin da ya rage ba shaidar asara a kansa dubu sittin da bakwai ne, yawanci na 2021, lokacin da ya koma karɓar kuɗin aiki a hannu yana wucewa da su kai tsaye. Na san wannan ma an cinye shi. Shi ma ya sani. Amma a takarda riba ce, kuma zai biya haraji a kan kuɗin da bai kwana da su ba.

Ba'indiyen ya ƙiyasta bashin zai dawo wajen dubu ashirin da shida in sun karɓi hujjojinmu, kuma duba su zai ɗauki watanni. Abin da zai saki fasfon da wuri shi ne a ƙulla yarjejeniyar biya wata-wata tun yanzu, a fara da wani abu mai kauri.

Yaya ba shi da mai kauri. Ni ke da shi: kuɗin da nake tarawa na sayen fili a Katsina.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na tura. Na sanar da mai filin ya sayar wa wani. Ya ce ashe zaman Dubai ɗin ma ba kuɗi.

Abiba ta ce ɗan'uwa ai ɗan'uwa ne. Iyakar saninta Yaya na ba kuɗin, ta kuma ga ina share lambar mai filin.

Ban ji na yi alheri ba. Ji na yi kamar na mayar da wani abu da aka ba ni aro.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na kai masa takardun ƙarshe ya sa hannu. Yana banɗaki wayarsa ta yi haske a kan tebur. Saƙon tabbatar da sayen tikiti ne, irin na sa'ar nan da ake cin miliyoyi ko mota. Dirhami ɗari biyar. Jiya.

Da ya fito na juya masa wayar. Ya ce wannan ai ba caca ba ce, kowa a ofishinsu na saya, haɗa kuɗi suke yi. Sannan ya ce so yake ya mayar mini da kuɗin filina.

Ban ɗaga murya ba. Na ce ya ba ni katin albashinsa. Daga yau ni zan biya haya, ni zan tura na hukuma, ni zan tura na Inna da na Ummulkhair, shi kuma in ba shi na abinci da na mota duk mako. In bai yarda ba, in kira Malumfashi yanzu a gabansa.

Ya ce, "Muhsinat, ni ne fa."

Na ce na sani.

Ya ciro katin daga walat ya ajiye a tebur, bai miƙo mini a hannu ba. Ya faɗi lambobin sirrin yana kallon taga. Shekarar haihuwar Ummulkhair ce.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Hukuma ta amince da biyan wata-wata. Ba'indiyen ya nemi a gaggauta sanar da ofishin fasfo saboda bizar. Sai jira.

Anti Maimunat na turo mini hoton Ummulkhair lokaci-lokaci. Ta yi tsawo, goshin Baba ne da ita sak.

Asabar, 14 ga Disamba

Fasfo ya fito ranar Laraba, kamfaninsu ya shigar da takardun biza. Khalas, wato an gama, in ji Ba'indiyen, ya turo lissafin awoyinsa.

Yau Yaya ya zo unguwarmu Muraqqabat karɓar na mako. Ya tsaya a ƙasa ya kira, don maza ba sa hawa filat ɗinmu. Ina shan shayi lokacin. Sai da na shanye na wanke kofin sannan na sauka. Ba wani dalili.

Ya roƙi ƙarin dirhami arba'in, zai yi aski kuma takalminsa na aiki ya buɗe. Na ba shi talatin, na ce ya turo mini hoton rasit. Ya ce to.

Muna tsaye Inna ta kira, na sa ta a sifika. Ta ce ta ji Dikko shiru kwana biyu. Na ce ai ƙarin girma aka yi masa a wajen aiki, shi ya sa ba ya samun kansa, har ma ya ce a gaya mata kuɗin wata mai zuwa zai ɗan ƙaru. Ta yi ta sa masa albarka, ta ce Allah ya ba ni miji mai halin yayana. Na ce amin. Muryata ko gezau. Shi ne ma ya kasa magana, sai na ce mata layin ne ba kyau.

Na raka shi tashar metro ta Al Rigga don ina da sayayya a can. Sai da na kai bakin matakala na lura ni ce a gaba, yana biye da ni da 'yar ledarsa. Ban rage sauri ba.

Gobe in tuna in sayi omo.